Auduga Ta Goma Sha Biyu

Akwai wani likitan fiɗa a wani ƙaramin gari, shi kaɗai ne a duk yankin. Shekara talatin da ɗaya yana yankawa yana ɗinkewa: masu gwaiwa, matan da haihuwa ta zo musu da gardama, har waɗanda sa ya soka da ƙaho. Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da mai ɗinkinsa a jiki ba. Mutumin kirki ne, amma yabo ya yi masa yawa, har ya kai ba ya son a ce masa "dakata."

Ranar da zai ajiye aiki, mutanen gari suka kafa rumfa a bakin asibiti don yi masa ban kwana. Matan zumunta na coci suka zo da waƙa, aka ɗora tukwane. Da hantsi sai ga wani manomi mai suna Dogara an kawo shi a sume, hanjinsa ya murɗe, matarsa tana biye tana kuka.

Likita ya shiga da shi ɗakin tiyata. Ya buɗe ciki, ya warware hanji, aiki ya yi kyau. Yana jin waƙa a waje ana ambaton sunansa, sai ya ɗauki allura da zare ya fara ɗinki.

To, akwai wata tsohuwar nas, Mama Tabita, wadda aikinta shi ne ƙirga audugar da ake tsane jini da ita, kafin a fara da bayan an gama. Ta ce, "Likita, dakata. Goma sha biyu na ba ka, sha ɗaya na gani."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Haba Mama! Yau na fara wannan aiki? Duba ƙasa, ta faɗi."

Ta duba ƙasa, ta duba bokiti, ta sake ƙirgawa. Ta ce, "Babu. Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, ba za a rufe cikin nan ba."

Likita ya tsaya da allura a hannu. Ya san abin da ragowar auduga take yi: waje ya warke sumul, ciki kuwa yana ruɓa, bayan mako biyu a ɗauki gawa. Kunya ta kama shi, tsoro ya fi kunyar. Ya warware ɗinkinsa da hannunsa, ya sa yatsu yana lalube.

Can bayan hanji ya taɓo ta! Ta sha jini, ta koma kamar tsoka, ido ba zai taɓa rabe ta da nama ba. Ya ɗaga ta sama. Mama Tabita ta ce, "Sha biyu."

Wayyo, irin ajiyar zuciyar da bawan Allah nan ya yi! Hawaye ya jiƙa masa ƙyallen fuska. Ya ce, "Na gode wa Ubangiji. Mama, yau kin ceci mutum biyu." Dogara kuwa ya warke, damina ta same shi a gona.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Cikin da aka buɗe, zuciyarka ce. Audugar kuwa ita ce ɗan abin da ka bari a ciki ranar da aka sulhunta ku da ɗan'uwanka: baki ya ce "na yafe," aka sha hannu, aka yi addu'a, amma guntun fushi yana nan bayan hanji. Mama Tabita tana tsaye a madadin Ruhu Mai Tsarki, wanda ba ya ɓata ƙirga, ba ya kuma duba yawan shekarunka a ikilisiya.

Warware ɗinki da zafi, da kunya kuma, na sani. Amma Yesu ba ya buɗe mutum don ya kunyata shi, sai don ya rayu. In kana jin muryar nan yau tana cewa "saura ɗaya," kada ka ce ta faɗi ƙasa. Ajiye allurar, ka je ka nemi ɗan'uwanka.