Tsohon Batir da Sabon Fenti

An yi wani mutum da ya sayar wa wata mai ɗinki tsohon batir, ya rantse mata sabo ne. Bai taɓa ganin fuskarta ba. Ta waya suka yi cinikin.

Ya 'yan uwa, ku saurara da kyau, don na gaji da maimaita maganar nan.

Gyaran batir ne sana'ar mutumin, irin manyan nan da ake haɗawa da farantin hasken rana. Yana da hannu. Shagonsa ɗaki ne ɗaya a bayan gidansa. Ruwan batir ya cinye simintin ƙasa, bango ya yi baƙi, ba shi da wandon da ba huji. Yana samun abin ciyar da iyali. Bai ishe shi ba.

Sai ya buɗe shafi a intanet. Ya riƙa bin gidaje yana sayen batiran da suka mutu. Ya wanke, ya farfaɗo da su yadda za su riƙe wuta na ɗan lokaci, ya fesa fenti, ya manna tambarin wani kamfani. Hoton da yake sakawa ma ba nasa ba ne, daga shafin kamfanin ya kwaso. Masu yabon kayan a ƙarƙashin hoton kuwa duk shi ne. Yau shi ne hajiya, gobe shi ne likita.

A ƙasan shafin ya rubuta cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Ya riƙe rubutun nan kamar laya. A ganinsa tunda ya rubuta, ba mai iya taɓa shi.

Matarsa tana da ƙane lauya. Wata rana ya zo gidan, suna cin abinci, ya buɗe shafin a wayarsa.

Ya ce, "Yaya, rubutun nan ba zai cece ka ba."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma rubutu mai gaskiya yake karewa. Ka rubuta gyararre ne, ka sa masa kuɗin gyararre, ka faɗi iya lokacin da ka ɗauki alhakinsa. Ka cire tambarin mutane. Ka yi wa sana'ar rajista. Ni zan tsara maka, ba ko sisi."

"Ji ɗan nan. Ni na saya maka takalmin makaranta, yau kake karanta mini doka a kan tabarmata? Ci abincinka, lauyan loma."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Nasiha ta zo masa har ɗaki, kyauta, ya mai da ita abin raha. Haka kuke. Ni ma haka kuke yi mini.

Ƙorafi ya fara yawa. Wannan ya ce nasa bai kai wata ba, wancan ya ce nasa yana zafi. Masu dandalin da yake tallar suka rufe shafinsa. Mai hankali zai ce an ja masa kunne. Shi kuwa sai ya leƙa tsakar gida, matarsa tana yi wa jaririnsu wanka, ya ce, "Ara mini katin shaidarki. Ba wani abu ba ne, gurbi zan cike."

Ta ce, "Duba cikin jakata."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Wace mace ce za ta zargi uban 'ya'yanta a kan kati? Ya buɗe sabon shafi da sunanta, da asusun banki da sunanta. Ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A nan mai ɗinkin ta shigo. Mijinta ya rasu, da keken ɗinki take riƙe da yara, wutar unguwarsu kuma ba ta zama. Ta daɗe tana tari don ta haɗa hasken rana a shago. Ta rubuta masa ta ce ita ba ta san kan batir ba, amana take nema, ya gaya mata tsakani da Allah ko sabo ne.

Shi ba ya son rubutu, yatsunsa kullum da maiƙo. Sai ya danna ya aika mata murya: "Wallahi tallahi, Hajiya, a kwalinsa yake. In tsoho ne, kada Allah ya ba ni abin da nake nema."

Ta tura kuɗi. Mai babur ya kai mata.

Aka ajiye batirin a ƙarƙashin teburin yanka, inda ƙyallaye suke taruwa. Wata rana da azahar ya kumbura, ya yi tartsatsi, wuta ta kama. Yadikan mutane da ke rataye suka tashi gaba ɗaya. Ta koma ciki don ta jawo keken, hannunta na dama ya ƙone. Hannun da take ci da shi.

Daga gadon asibiti ta kira shi. Ya ce ta je ta karanta abin da ke ƙasan shafi. Ya toshe lambarta, ya canza layi, ya ɗauka an gama.

Ya 'yan uwa, a kasuwa in ka yi rantsuwar ƙarya, mala'iku ne kaɗai suka riƙe ta. A waya, mala'iku sun riƙe, waya ma ta riƙe. Muryarsa tana wurinta. Hoton yana wurinta. Shaidar tura kuɗi tana wurinta. Ta kai ƙara. Aka kankare fentin batirin, tsohon fenti ya fito a ƙasa. Kamfanin da aka saci tambarinsa shi ma ya aiko lauyoyinsa.

To, wa za a kama? Wanda sunansa ke kan asusu. 'Yan sanda suka zo suka tarar da matar tana shara, da goyo a bayanta. Ta yi ta cewa ita ba ta sayar da komai. Shi yana cikin shago a bayan gida, yana jin muryarta, yana jin kukan ɗansa. Ya tura sakata. Bai fito ba.

Ƙanenta ne ya yi belinta, shi ne kuma ya nuna wa 'yan sanda ƙofar shagon. Suka tarar da gwangwanayen fenti da tulin tambari.

A kotu aka kunna muryarsa. Ya tsaya yana jin kansa yana kiran sunan Allah a gaban jama'a, mai ɗinkin tana zaune da hannu a naɗe. Da aka ba shi dama, ya ce ai ya rubuta kaya ba ya dawowa. Alƙali ya dube shi ya ce, "Ƙarya ka sayar. Ita ce ba a dawowa da ita?" Ya sa a ci gaba da tsare shi.

Aka rufe shago. Aka rufe asusu. Gidan ma aka sa masa ido saboda diyya.

Ga abin da nake so ku ɗauka. Wanda yake bayan waya mutum ne, yana da hannu, yana da yara. Rashin ganin fuskarsa bai halatta maka dukiyarsa ba. Tsoho ka ce tsoho. Abin da ba naka ba, hoto ne ko suna, ka bar wa mai shi. In za ku yi ciniki, ku yi shi da sunanku, ku rubuta sharaɗi na gaskiya, ku nemi wanda ya san doka tun kafin doka ta neme ku. Tana kare ɗan kasuwa, ba na musu, amma ba ta kare maha'inci. Kuma ku ji tsoron Allah a kan matanku da ƙannenku da kuke ara sunayensu. Na san a cikinku akwai masu yi. Kuna sunkuyar da kai, ina ganinku. Za ku fita ku ce tsoho ya cika faɗa, bai san zamani ba. Zamanin ne ya halatta ha'inci?

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye harsunanmu da yatsunmu, ya sa abin da muke kai wa iyali ya zama halal.

Sauran abu ɗaya, sai ku tafi. Kafin zaman kotu na ƙarshe, matarsa ta kai masa abinci inda yake tsare. Ya matso jikin ƙarfe, ya rage murya. Hanya ɗaya ta rage masa, ya kuma san ta.

Ya ce, "Uwar yara, sunanki ne a takarda. Ki ce ke kika yi cinikin, ni gyara kawai nake. Mace ce ke, ga goyo, alƙali zai tausaya. In na fita ni zan fito da ke."

Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tura masa da ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen. Ta gyara goyonta.

"Ba zan faɗa ba."