Gada da Katangar Toka

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, mun kasa kunne.

Gada ce, uwar tsoro, ta hangi masu gadin gandun daji suna cinna wa ciyawar bakin iyaka wuta, damina na ɗaukewa. Ta ruga wajen Kunkuru tana haki.

"Baba Kunkuru, masu tsaronmu ne yau za su ƙone mu! Allah ya isa!"

Kunkuru ya ce, "'Yar nan, iya bakinki. Ciyawar da sauran ɗanye, siririyar hanya kawai wutar za ta ci."

Ina! Gada ta ƙi ji.

Da rani ya yi rani, mafarauta suka saki gobara daga waje. Ga Gada da jariri, ko gudu bai iya ba. Wuta ta taho tana ruri, ta iso ƙonanniyar hanyar nan, ta rasa abin ci, ta mutu.

Gada ta ce, "Ashe katanga suka gina mana da toka! Allah ya saka musu da alheri, ni kuma ya yafe mini bakina."

Shi ya sa har gobe, in ta hangi mai gadi, sai ta tsaya ta kaɗa masa wutsiya kafin ta ruga.

Ƙurunƙus! Yau kam kan ɗan gada ya tsira.