Ƙurar da Ta Toshe Muryar Mama Lai'atu

Sau nawa kuka ce "ba a jin wance," ba tare da kun tsaya kun bincika abin da ya hana ku ji ba?

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo, sunansa Barnaba, shi ne mai kula da kayan sauti a majami'ar garinsu. Majami'ar tana da tsofaffin lasifika biyu, akwatunan katako da suka girmi yawancin masu sujada. Kowane akwati yana da babban baki a ƙasa, mai fitar da murya mai kauri, da wani ɗan ƙarami a sama, faɗinsa kamar murfin kwalba, mai fitar da siririyar murya.

Akwai kuma wata gwauruwa, Mama Lai'atu, wadda ta shekara goma sha tara tana karanta Zabura kowace Lahadi. Sai aka fara gunaguni cewa ba a gane abin da take faɗa. Dattawa suka zauna, ba su kira ta ba, suka yanke cewa daga Lahadi mai zuwa wani namiji zai karɓi karatun.

Abin ya tsaya wa Barnaba a rai. Shekaranjiya ya ji matar nan tana kiran jikarta daga bakin rijiya, aka amsa daga ƙarshen layi. Ta yaya muryar da ta ƙetare gida bakwai za ta kasa kaiwa benci na biyar? Me ya sa kuma ake jin Fasto kamar tsawa da wannan makirfo ɗin?

Ranar Asabar ya sauke akwatunan, ya cire ƙyallen da ke rufe fuskarsu. Sai ya ga ƙananan bakunan sun yi dam da ƙura mai danƙo. Ya lakato da tsinke, ya shinshina: man gyaɗa ne. Nan ya gane. Shugaban dattawa ne ya sa a riƙa shafe akwatunan da mai kafin kowane biki, don baƙi su ga suna ƙyalli. Man ya ratsa ƙyallen, ƙurar shara ta bi ta manne.

Yana cikin haka sai ga dattijon ya shigo.

"Barnaba, me kake tonowa kuma? An rufe maganar nan."

"Baba, ba muryarta ce ta tsufa ba. Duba nan."

"Wannan 'yar ƙurar? Miƙo tsumma. Ku masu gyara, komai sai kun mai da shi aikin kwana uku."

Kafin Barnaba ya buɗe baki, dattijon ya danna tsumman a kan ƙaramin bakin akwatin hagu da babban yatsa. Ɗan bakin ya lotse kamar ɓawon ƙwai.

"Zai taso?" in ji dattijon a hankali.

"Ba zai taso ba, Baba. An daina ƙera irinsa tun ina goye."

Saura ɗaya ke nan. Barnaba ya samo gashin kaza mai laushi, ya roƙi dattijon ya karkata akwatin don ƙurar ta zubo ƙasa. Ya riƙa sharewa daga tsakiya zuwa gefe, bai danna ba, bai hura da baki ba. Daga hantsi har rana ta karkata, dattijon yana riƙe da akwati.

Sa'an nan aka aika wa Mama Lai'atu. Ta zo, ta tsaya gaban makirfo, ta ce, "An ce na tsufa. Wa ya warkar da ni?" Ta buɗe Littafi ta karanta. Akwatin hagu yana ta gurnani, amma daga na dama kowace kalma ta fito tar.

Dattijon ya tako daga bencin ƙarshe. "Lai'atu, gobe ke za ki yi karatu."

"Zan yi, Dattijo. Amma da kun tambaye ni tun farko."

Ma'anar wannan misali ita ce: babban baki shi ne masu matsayi, waɗanda ake jin su ko da ƙura. Ƙaramin baki shi ne hanyar da muryar gwauruwa da maraya da baƙo take bi ta iso kunnuwanmu. Man gyaɗa shi ne son a gan mu muna ƙyalli, ƙurar kuwa sakaci ne da yake manne masa shekara bayan shekara. Mu ne muka toshe hanyar, sa'an nan muka zauna muka hukunta mai magana a bayan idonta. Wannan zalunci ne, ko da a ɗakin dattawa aka yi shi, ko da an buɗe zaman da addu'a. Ku lura kuma da yatsan dattijon. Wanda ya zo gyara da gaggawa don ya rufe kunyarsa yakan ɓata abin da ba shi da madadi.

Saboda haka, kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya tuna da mutum ɗaya da aka yanke wa hukunci a gidansa ko a ƙungiyarsa ba a ji ta bakinsa ba. Ku je wurinsa da ƙafarku, ku zauna, ku tambaye shi, kada ku katse shi har sai ya gama.