Biron da Ta Ƙi Karɓa

An yi wani mutum mai gidan tace ruwa, wanda wata safiya ya miƙa wa 'yar ƙanwarsa biro ya ce ta sa hannu a takardar gwaji. Ta ƙi karɓa.

Ita ce mai gwada ruwan gidan, kuma ba a fitar da ko leda ɗaya sai da sa hannunta. Shi ya ɗauke ta aiki da ta gama karatu. 'Yar Kwalba yake ce mata, don kullum tana ɗan ɗakinta da farar riga da kwalabe. A makon nan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ramin masan da ke bayan katanga ya tsage, ƙazanta ta bi ƙasa ta sami rijiyar da gidan ke jan ruwa. Sau uku tana gwadawa, sau uku ƙwayoyin cuta suna fitowa ɗigo-ɗigo a farantin gwaji.

Motoci sun yi layi a ƙofa, direbobi sai danna hon suke yi. Mutumin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ta ce a tsai da inji kwana uku, a wanke tankuna, a sauya matatar ruwa, a zuba magani. Sai ya ɗebi ruwan a kofin gilashi ya ɗaga wa hasken taga.

"Dubi nan, garau kamar hawaye. Ko bokon ne ya cinye miki ido?"

"Kawu, abin da ke ciki ido ba ya ganin sa. In ka yarda da shi, sha."

Ya ajiye kofin bai kai baki ba. Ya kore ta, ya kwaikwayi sa hannunta, motoci suka fita. Gidansa kuwa ya aika a riƙa tafasa ruwa.

Ya 'yan uwa, wanda bai sani ba yana da uzuri. Wanda ya tafasa nasa ya sayar wa mutane ɗanye fa, me zai gaya wa Ubangijinsa?

Yarinyar ba ta zauna ba. Ta bi shaguna tana roƙo kada a sayar, ana yi mata kallon wadda aka kora take huce haushi. Ta ruga wurin kakarta, mahaifiyar mutumin, wadda ba ta shan ruwan kowa sai na ɗanta. Tsohuwa ta yi dariya, ta ce ita da jiya-jiya ake share wa majina ce za ta ce ɗanta na sayar da guba? Shi kuma ɗan bai gargaɗi uwarsa ba, domin gargaɗin tona asirin kai ne.

Kwana huɗu, amai da gudawa suka shiga unguwa. Asibiti ya cika har baranda. Yara uku suka rasu, tsohuwa ta bi su. Jami'an lafiya suka kira yarinyar suka nuna mata takardar. Ta ce wannan ba hannunta ba ne, ta faɗi na wanda yake. Aka garƙame gidan ruwan, aka tafi da mutumin, ko zaman makokin uwarsa bai samu ba.

Ya 'yan uwa, ruwa amana ne. Mai sha ba shi da ɗakin gwaji, yarda kawai yake sha. Wanda ya ci wannan amana, a cikin gidansa za ta fara cin sa.

Kada kuma ku zaci an yi wa yarinyar guɗa. Dangi suka ce ita ta ɗaure kawunta. Mahaifiyarta ta shekara ba ta amsa gaisuwarta. Duk gidan ruwan da ta kai takardunta sai a ce ai ita ce mai taurin kan nan. Shekara biyu ke nan ba ta da aiki, kuma ba ta ba kowa haƙuri ba.

Allah ya kiyaye mu da shayar da bayinsa abin da ba za mu sha ba, ya ƙarfafi masu tsayawa su kaɗai. Amin.