Yatsan Malam Moutari

Akwai wani dattijo a Saint-Denis ta ƙasar Faransa mai suna Malam Moutari, tsohon jandarma daga Damagaram. Shekara ashirin da biyu yana rakiyar motocin banki a wani kamfani, da ƙaramar bindiga a ƙugunsa. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Bindigar tasa tana da ɗan makulli a gefe, wanda sai an danna shi da babban yatsa sannan ta tashi.

A shekarar 2014 kamfanin ya sauya makamai. Sababbin ba su da wannan makulli. Aka tura ma'aikata horo a Lyon, aka ce duk wanda bai ci jarrabawa ba, za a karɓe masa izinin riƙe makami.

Mai koyarwar wata matashiya ce, Fatou, wadda iyayenta 'yan Chadi ne. Tun ranar farko ta lura cewa idan Malam Moutari zai zaro bindiga, yatsansa na kan kunama, wato abin da ake ja a harba. Ta matso, ta yi ƙasa da murya, ta yi masa Hausa don kada Turawa su ji.

"Baba, a yi haƙuri. Yatsan nan ya dawo waje. Wancan makullin ne yake rufa muku asiri, wannan kuwa ba ta da shi."

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, ranar da na fara harbi ko auren uwarki ba a ɗaura ba."

"Gaskiya ne, Baba. Amma bindigar ba ta san haka ba."

Sau uku tana roƙonsa ya tsaya bayan an tashi, su gwada da bindiga marar harsashi. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya tafi masauki.

Ranar jarrabawa aka ba da umarnin zaro bindiga. Ya kai hannu ƙugu kamar kullum. Kafin bakin bindigar ya bar ƙasa, sai ƙara. Harsashi ya fasa siminti dab da takalmin saurayin da ke gefensa.



Da aka watse, ya sami Fatou tana cike takardar rahoto. Ya matsa kusa da ita.

"'Yata, ba za a ce makamin ne ya samu matsala ba?"

Ba ta ɗago ba. "Baba, in na rubuta haka, gobe ƙafar wani ce. Ku yafe mini."

Aka karɓe izinin. Kamfani ya mayar da shi gadin ƙofar garejin motoci. Kowace safiya yakan ɗaga wa yaran da shi ya koya wa aiki shinge, su wuce suna cewa, "Sannu da aiki, Malam." Yakan amsa ba tare da ya kalle su ba.

Darasi: Daɗewa a kan aiki ba ta wanke kuskure, wani lokaci ɓoye shi kawai take yi. Idan ƙarami ya ja ka gefe ya gyara maka cikin sirri, ka saurara tun abin bai fito fili ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mu da furfura ta kama.