Rantsuwar da Haladu Ya Hana

An yi wani mutum a wani gari can shekarun baya, wani bawan Allah baduku, sunansa Haladu. Shekara shida da aure, matarsa Furera ba ta haihu ba. Al'adarta sai ta ɗauke wata huɗu, dangi su fara murna, daga baya a ga ba komai.

To, ku saurara. Ran nan Furera na surfe da yayar mijinta, Yaya Kulu, sai Kulu ta ga gaban rigarta ya jiƙe. Ta matsa kusa ta duba. Nono ne, jama'a, nono!

Ko taɓarya ba ta jingine da kyau ba ta nufi rumfar ƙaninta. Ta ce, "Haladu, macen da ba ta haihu ba, ina ta samo nono? Ciki take samu tana zubarwa! Gobe bayan la'asar ta dafa Alƙur'ani gaban dangi. In ta ƙi, ka ba ta takardarta."

Kada ku ɗauka Haladu waliyyi ne. Zargi ya shige shi, wallahi ya shige shi. Ya tuna wani ƙullin saiwa da ya taɓa gani ƙarƙashin katifar Furera. Ta ce na neman haihuwa ne, to in ba haka ba ne fa? Wunin ranar sau biyu basilla na soke masa yatsa. Ta kawo abinci, ya yi ta kallon hannunta.

Washegari dangi suka cika tsakar gida. Furera ta yi alwala ta fito, idanu jajur. Tana miƙa hannu, Haladu ya miƙe.

Ya ce, "Ba za ta rantse ba. Yaya, tsakaninki da Allah, in ta rantse za ki yarda?"

Kulu ta kau da kai.

Ya ce, "Ni ban ga ta yi laifi ba. Abin da na gani, matata ba ta da lafiya."

Aka ce an shanye shi. Ya kai ta asibitin birni, aka ɗebi jininta. Likita ta ce, "Sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ya yi mata yawa. Jikinta ya ɗauka shayarwa take yi, shi ya sa ya daina sakin ƙwan haihuwa." Ta rubuta mata magani.

Da suka dawo gida, Furera ta nuna masa ƙunshin kaya a bayan ƙofa. Ta ce, "Malam, da ka bari na rantse, da na rantse, kuma daga nan gidanmu zan wuce. Ba zan zauna da wanda sai da rantsuwa ya yarda da ni ba."

Haladu ya zauna bakin gado.

Kuna jira in ce ta haihu ko? Ta haihu, bayan shekara biyu. Amma ba wannan nake so ku tafi da shi ba. Zargi zai zo wa zuciyarka, ba ka da ikon hana shi. Ikonka a kan bakinka yake. Kai da matarka ta jima ba haihuwa, ke da kike ƙirga wa matar ƙaninki watanni, ku ji tsoron Allah. Ku kai ta asibiti a duba jininta, kai ma a duba ka. Wata tana gidanka yanzu haka, kayanta a ɗaure, jira take ta ji abin da za ka faɗa.