Layi Huɗu a Hannun Lauya

Akwai wani mutum a tashar motar da ke bayan garejina, kowa Lauya yake ce masa. Ba lauya ba ne, ɗan kamasho ne. Amma kullum da tabarau a goshi, biro biyu a aljihun gaba, jarida naɗe a hammata. In gardama ta kaure a kan ƙwallo ko siyasa ko maganin basir, sai a ce a kira Lauya. Ya zo ya buga jaridar a tafin hannu, ya ce, "Ai yana nan a rubuce." Shi ke nan magana ta mutu.

Mabiya shafin nan, kun saba in kawo muku labarin wasu. Na yau nawa ne. Ni makanike ne, a aji shida na firamare na tsaya, ku yi haƙuri da rubutuna.

Autana yana shekara ta huɗu a jami'a, yana karatun gashin ƙashi, aikin masu taimaka wa wanda ya karye ko ya shanye har ya sake takawa. In ya zo gida sai ya kama wuyan hannuna da baƙin mai a jiki, yana dannawa yana kiran sunaye.

"Baba, ƙashi takwas ne a nan wurin kaɗai."

"To bar min su yadda ka same su."

"Ai aikinmu ɗaya. Kai ka gyara ƙafar mota, ni in gyara ta direba."

"Tawa dai ba ta ihu in na murɗa."

A zangon nan suna da wata jarrabawa da ake miƙa wa ɗalibi ƙashi, ya faɗi sunansa, na dama ne ko na hagu, da naman da ke kama shi. Sashensu na ba da aron ƙasusuwan koyo, na roba ne amma kamar na gaske, tare da takarda mai hatimi. Auta ya karɓo saiti ɗaya zai yi bita a gida kwana biyu.

Abin da ya faru kafin in iso, daga bakin wani tsohon direba na ji, daga baya kuma na gani a bidiyon da mutane suka ɗauka.

Wajen ƙarfe uku na rana motar su Auta ta shigo tasha. Mai sauke kaya ya wurgo jakarsa daga saman mota, zif ya fashe. Ƙoƙon kai ya gangara har gaban wata mai sayar da ruwa. Ta kurma ihu.

A makon ana ta raɗe-raɗin wani yaro ya ɓata a unguwa. Kafin Auta ya sunkuya, an cakumi wuyan rigarsa. Wani ya kwaɗa masa mari, wani ya shure jakar, ƙashin cinya da haƙarƙari suka watse a ƙasa. Mutane suka ja baya suka bar musu fili. Babu wanda ya yarda ya taɓa ko ɗaya.

"Na roba ne," in ji Auta. "Ku ɗauka ku ji. Ni ɗalibi ne. Akwai takarda a aljihuna."

Tsohon direban ya shiga tsakani, ya ɗaga hannu biyu.

"Ku dakata. Yaro ya ce da takarda. A karanta tukuna, ba guduwa zai yi ba."

Kuma suka dakata. Wannan ne yake hana ni sukuni har yau. Mutum fiye da hamsin, da duwatsu a hannu, sun tsaya suna jira.

Aka zaro takardar. Akwai masu karatu a wurin, amma ba wanda ya yi tunaninsu. Aka ce a ba Lauya.

Ya sauko da tabarau kan hanci. Ya buɗe takardar, ya matso da ita, ya nisanta ta. Ya daɗe. A bidiyon ana ganin leɓensa na motsi, gumi na bin gefen kunnensa.

"Lauya, me ta ce?"

"Ku bar ni in nazarta."

Auta yana durƙushe, jini a baki. Ya ɗago kai.

"Kawu, ka san ni. Ɗan makanike ne, na bayan katanga. Layi huɗu ne kawai. In rubutun ya yi ƙanana, ba ni in karanta, ko ka ba wani."

Wani daga baya ya yi dariya. "Lauya, yaro zai koya maka haɗa baƙi."

Lauya ya juya ya dubi mai dariyar, ya dubi taron. Ya ninke takardar huɗu ya cusa a aljihu bayan birukansa.

"Ni za a ba wa wani? Takardar bogi ce. Hatimin ma na jabu ne, na sha ganin irinsa."

Dutsen farko a kafaɗa ya same shi.

Ina ƙarƙashin wata mota ina kwance bututun hayaƙi, mai faci ya leƙo ya ce, "An kama mai yankan kai a tasha, zo mu gani." Na ce ina da aiki. Sai da ya dawo a guje ya ja ni ta ƙafa.

"Fito. Autanka ne."

Ban san yadda na haura katangar ba. Na tarar da shi a ƙasa ya rufe kansa da hannuwa. Ana dukansa da katako, da bel, da ƙarfen ɗaga taya. Wani da na gyara wa birki a satin yana tattaka masa haƙarƙari. Tsohon direban yana gefe a zaune, an fasa masa goshi.

Na kutsa ina cewa ɗana ne, ɗana ne. Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina. Aka ce ga uban gidansa ya zo. Ƙarfen ya sauka a hannuna na ji ya ɓalle, na biyu a bayana. Ina jin numfashinsa a wuyana yana fita da wani gurnani. Wani ya jefo taya kusa da mu, ana tambayar wa ke da fetur. A lokacin motar 'yan sanda ta shigo, aka harba bindiga sama, taron ya watse. Takalma kawai aka bari.

A bayan motar 'yan sandan muka tafi asibiti, kan Auta a cinyata. Ido ɗaya ne yake buɗuwa.

"Baba, kayan makaranta ne. A tattara a mayar musu."

Na ce za a mayar. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya cika.

Washegari malamarsu ta zo ofishin 'yan sanda. Ta ɗauki ƙoƙon kan daga kan tebur, ta juya shi, ta nuna musu lambar sashe da tambarin kamfanin da ya ƙera shi. Ta ƙwanƙwasa shi da farce. Sai ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi.

An kama mutum tara ta bidiyon. Da aka caje Lauya, takardar na nan a aljihunsa.

Ranar shari'a rabin tasha na cikin kotu. Mai gabatar da ƙara ya ce Lauya ya karanta gaskiya da idonsa, ya ɓoye ta da gangan don a kashe yaro. In haka ta tabbata, hukuncinsa ya fi na kowa nauyi. Hanya ɗaya ta rage masa.

Alƙali ya sa aka miƙa masa takardar. "Karanta wa kotu."

Lauya ya riƙe ta. Ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Ɗaga murya, ba a ji ba."

"Ranka ya daɗe, ban iya karatu ba."

"Jaridar da shaidu suka ce kana yawo da ita fa?"

"Rediyo nake saurara da safe."

Shekara goma sha biyu aka ba shi, masu dukan kuma kowa da nasa.

Da za a fita da su ya tsaya daidai inda nake, hannuna na rataye a wuya.

"Makanike, ka yafe min. Kunya ce."

Na nemi a ba ni kwafin takardar, aka ba ni. A kan matakalar kotu na zauna na karanta ta, ina bin kalma ɗaya ɗaya da yatsa, ni mai aji shida. Ban kai minti biyu ba na gama.

Darasi: In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka miƙa wa wanda ya sani. Kunyar minti ɗaya ba ta kai ran ɗan wani ba. In kuma ka tarar an taru a kan mutum, kada ka ɗauki dutse don wani mai baki ya yanke hukunci, ka kira hukuma. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman na tasha da kasuwa, kuma ku sa Autana a addu'a.